Sunana a Bayan Kundi

Kano, 6 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga Kaka Soja, Malam Daudu Hamma, Gwiwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar jika, da fatan ka tashi lafiya, da kai da mutanen gida da ƙafar nan taka da ba ta son sanyi. In ka manta da ni, ni ce Sadiyya 'yar Musaddiƙ, jikar yayarka Dela ta Kanya Babba, wadda ta taɓa zubar maka da fura a cikin takalmi ranar suna. Hajiya Dela tana lafiya, sai ciwon ido da ke damunta. Na so in kira ka a waya, ta ce kada in ɓata katina, tun yaƙi kunnenka ba ya jin magana sai an ɗaga murya, amma in takarda ce za ka karanta har da gyara mini rubutu. Shi ya sa na ba Muhsin direba wannan ya kawo maka ranar kasuwa.

Kaka, da buƙata na zo, ba zan ɓoye ba. Ina shekarar ƙarshe a sashen Hausa, kuma kowane ɗalibi sai ya rubuta kundi kafin a ba shi digiri. Ni nawa a kan wani littafin labari ne mai suna Sama'ilu a Bakin Daga. Yaro ne ɗan shekara sha bakwai, ya gudu daga gida ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, don a daina ce wa gidansu gidan ragwaye. A can ya yi aboki, ya girma, ya koyi riƙon amana. Na karanta shi sau uku, sau uku ina kuka.

Malamin da ke duba aikina ya ce kuka ba bincike ba ne. Ya ce littafin kowa ya karanta shi, abin da zai bambanta aikina shi ne in samo wanda ya ga yaƙin da idonsa, in gwada maganarsa da ta marubucin. Ni kuwa duk danginmu soja ɗaya na sani. Ga littafin nan na haɗo maka. Don Allah ka karanta, ka gaya mini inda ya yi gaskiya da inda ya zuƙa.

Jikarka,
Sadiyya

Gwiwa, 19 ga Nuwamba, 2023

Amaryata mai boko,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma na gane ki sarai, takalmin ma yana nan. Shekara uku ba gaisuwa ba goro, sai da malami ya matsa miki lamba kika tuna kina da miji a Gwiwa. Ba komai, mu tsofaffi mun saba. Muna lafiya. Gero ya yi bana, dawa ta yi rabi, gyaɗa kuwa ban ma son a yi mini maganarta. Jikata Nafisat ta haihu a Roni, namiji. Ki ce wa Dela ta daina ɗiga wa idonta duk abin da maƙwabta suka miƙo mata, ta je asibiti.

Littafinki na kai rabi. Marubucin ya iya magana, amma bai taɓa sa takalmin soja ba. Sojojinsa shinkafa suke ci safe da yamma, har da nama. Mu garin rogo muke jiƙawa a hular kwano, in an samu gishiri ranar salla ce. Sannan Sama'ilun nan ba ya zawo, ba ya ƙwarƙwata, ba ya kewar uwarsa sai in marubucin yana son a yi kuka. Ki rubuta wannan, ki ce ni na faɗa.

Labarina na yaƙi kuwa ba ni da shi. Na je, na dawo, shi ke nan. In labari kike so ki nemi Toma, abokina na Kazaure, mai gyaran injin niƙa. Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, tare muka yi yaƙin, da aka sallame mu ya biyo ni nan, yau shekara hamsin ke nan. Duk ranar kasuwa sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya zo mu zauna a ƙofar gida, yana surutu ina gyaɗa kai, rabi ba na ji. Shi bakinsa ba ya gajiya. Ba za ki zauna da shi minti biyar ba sai ya gaya miki ni ne na binne ƙanensa Ishaya da hannuna a fagen daga. Ya gaya wa limaminmu, ya gaya wa fastonsu, ya gaya wa mai shayi.

Jikarsa Happiness ma makarantarku take, Hausa take karantawa, tana bayanki da shekara guda. Ki neme ta ku gaisa, ɗiyar gida ce.

Mijinki tsoho,
Daudu

Gwiwa, 3 ga Disamba, 2023

Sadiyya,

Ina fatan kina lafiya. Ni jikina lafiya, sai dai kwana uku abinci ba ya shiga. Ban jira amsarki ba, don na gama littafin.

Babi na tara ne ya hana ni sakat. Inda aka harbi abokin Sama'ilu, ya goya shi mil shida harsashi yana wucewa ta kunnensa, abokin ya yi masa wasiyya mai daɗi ya cika a bayansa, shi kuma ya tona kabari da wuƙar bakin bindiga. Da na kai nan sai da na yi jifa da littafin, har kaji suka watse. Na ce wannan mutumin a ina ya ji ƙaryata? Don kusan haka na tsara ta, ni ma.

Ki zauna ki karanta.

A daminar 1968 mu uku ne kullum, ni da Toma da ƙanensa Ishaya. Toma yana da ashirin, ni sha bakwai, Ishaya sha shida, dukkanmu biyun ƙarin shekaru muka yi aka ɗauke mu. Yaro ne mai ban dariya, ya iya kwaikwayon muryar sajanmu har sai da ya taɓa sa mutum talatin suka miƙe tsaye a banza. Toma yakan ce mini, "Daudu, ku sa'o'i ne, ka riƙa duba mini shi."

Wata safiya aka tura mu sintiri mu takwas, ban da Toma. Da hantsi muna cikin wata gonar rogo aka buɗe mana wuta. Harsashi ya sami Ishaya a cinya, ya faɗi taku goma daga inda na kwanta. Na ƙirga takun nan a raina ya fi sau dubu, bai taɓa wuce goma ba. Ya juyo ya dube ni. Na ja ciki na faɗa wani rami a gefen gonar, na cusa fuskata a taɓo. Sauran suka watse. Harbi ya tsaya tun kafin azahar, amma ban fito ba. Ina jin sa yana kira. Har la'asar muryar ta yi ƙasa, amma ba ta ɗauke ba lokacin da na rarrafa na bar wurin.

Sansaninmu bai kai mil guda ba. Toma ya gan ni ni kaɗai, ya suri bindiga, ya ce in wuce gaba in nuna masa wurin. Na riƙe rigarsa na ce ba amfani, Ishaya ya cika a hannuna, na tona rami na rufe shi, har ya ce a gaida Mama kada ta yi kuka. Toma ya dubi hannuwana duk taɓo, ya yarda. Washegari aka janye mu daga yankin.

Wani lokaci nakan ce wa kaina ran Toma na ceta. Ba haka ba ne. Tsoron komawa gonar nan nake, kuma tsoron ya tarar da shi da rai nake.

Bayan yaƙi Toma ya kai ni ƙauyensu. Uwarsu ta kama hannuwan nan nawa biyu ta ɗora a fuskarta, ta ce tunda su suka rufe ɗanta, ni ma ɗanta ne. Da wannan albarkar ta mutu. Saboda wannan ƙaryar Toma ya bar ƙasarsu ya zo ya zauna kusa da ni.

Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata marigayiya Asma'u da muka yi shekara arba'in tare. Na gaya miki don ya yi miki amfani wajen gane littafin nan, ki san ba haka yara ke zama maza a yaƙi ba. Wasunmu a rami muka girma. Ki rufa mini asiri, amaryata, Allah ya rufa miki.

Daudu

Kano, 9 ga Janairu, 2024

Kaka,

Ina gaishe ka, da fatan abinci ya fara shiga. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, jarrabawa muka yi, kuma gaskiya na ɗauki biro ya fi sau biyar ina ajiyewa.

Na karanta a bayan ɗakin kwananmu inda ba kowa, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Kaka, sha bakwai fa kake. Ƙanena Muhammad Auwal sha bakwai yake yanzu, in kare ya yi haushi a bayan gida ba ya fita. Ni ban ga abin da zan tuhume ka da shi ba, kuma darajarka ba ta ragu a idona ba ko kaɗan.

Na koma na karanta babi na tara, sai na ga kamar wani littafi ne daban. Yanzu na san abin da zan rubuta. Ka kwantar da hankalinka, ba wanda zai ga sunanka a cikin labarin nan, ko na abokinka, ko na ƙanensa.

Na haɗu da Happiness a ƙofar sashe, mun gaisa, yarinya mai fara'a. Da na ce ni jikarka ce sai ta rungume ni, ta ce ai su a gidansu hotonka yana falo. Na kasa kallon idonta.

Taka,
Sadiyya

Kano, 12 ga Agusta, 2024

Kaka Soja, mijina na kaina,

Assalamu alaikum. Ya damina, ya noma? Na san za ka ce amarya ta sake yin yaji, wata bakwai shiru. Wallahi aiki ne ya binne ni. Hajiya Dela an yi mata aikin ido, yanzu har zare take sa wa allura, ta ce in gaya maka ta ga tsufanta a madubi ta yi da-na-sanin gyaran.

Albishirinka! Na kare kundina ranar Laraba, an ba ni A. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ce babi na huɗu shi ne zuciyar aikin, inda na jera binnewar da Sama'ilu ya yi wa abokinsa gefe guda, da labarinka gefe guda. Ya ce shekara ashirin yana duba kundi bai ga ɗalibin da ya kama littafin nan ta nan ba. Na cika alkawari, a babin "wani tsohon soja" na rubuta, da "abokinsa", da "ƙanen abokin".

Akwai wani abu da na san zai faranta maka. Ƙa'idar sashenmu ce, duk wanda ɗalibi ya samu bayani daga gare shi sai an jera sunansa, da shekarunsa, da sana'arsa, da garinsu a shafin ƙarshe, in ba haka ba a ce ƙirƙira ka yi a soke babin. Mutum bakwai na jera, kai ne na uku, tsakanin wani farfesa da wani mai sayar da littattafai. Sunanka a cikin kundi mai baƙin bango da rubutun ruwan zinare, Kaka! An ajiye kwafi ɗaya a kantar sashe, inda na baya ke ɗauka su ga yadda ake tsara aiki.

Ina jiran a tura mu bautar ƙasa. In ba a jefa ni nesa ba zan zo Gwiwa da goronka.

Amaryarka mai digiri,
Sadiyya

Gwiwa, 17 ga Nuwamba, 2024

Malama Sadiyya Musaddiƙ,

Salamu alaikum. Lafiyata ƙalau, tunda al'ada ce a faɗa.

Takardarki ta watan Agusta jiya ta shigo hannuna. Muhsin ya manta ta a aljihun mota wata uku, sai da zai sayar da motar ya gan ta. Da ta iso kan kari, da na hau mota da ƙafar nan tawa na zo Kano na yage shafin da haƙorana. Amma kafin ita, wata takardar ta riga ta zuwa.

Kasuwa biyu Toma bai zo ba. Na ɗauka jiki ne, har na sa aka yanko masa zuma zan aika. Ranar Talata sai ga Dorkas, babbar 'yarsa, uwar Happiness. Dorkas ɗin nan a kan cinyata ta yi wayo, ni na saya mata takalmin shiga firamare. Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, amma ta ƙi zama a tabarma. Ta ciro takardu huɗu daga jaka, hoton shafukan kundinki, ta ce, "Baba, karanta mini wannan."

Na sa tabarau na karanta. Ga gonar rogo, ga taku goma, ga ramin, ga taɓon hannuna, ba ki bar ko ɗaya ba. Na ce mata ai ba suna. Sai ta miƙo ta huɗun, ta ɗora yatsa a layi na uku, ta ce, "Mutum bakwai ne a nan, Baba. Nawa ne tsofaffin sojoji a ciki?"

Happiness ce ta ɗauki kundinki don ta ga yadda ake tsara aiki. Naki ta zaɓa saboda ke 'yar gida ce. Ta kira uwarta tana kuka, Toma ya ji su suna ƙus-ƙus, ya ce sai an karanta masa. An karanta masa sau biyu. Dorkas ta ce tun ranar bai yi magana da kowa ba, sai dai ya tashi da kansa ya sauke hotona daga bango ya kifa shi a kan kabad. Ta tambaye ni, "Baba, gaskiya ne?" Na cire tabarau na ajiye a kan tabarma. Ta tsaya kaɗan, ta tattara takardunta ta tafi, zumar ma ba ta ɗauka ba.

Yanzu ke nake tambaya. Wane irin rufin asiri ne wannan? Kin ɗaure akuya a cikin ɗaki kin bar igiyar a waje da sunan mai ita a jiki. Kika rubuto mini cewa ba wanda zai ga sunana, na karanta layin nan na yi hamdala, na ɗauka kin binne maganar a cikinki. Ashe ke nufinki za ki baza labarin, sunan kuma ki ajiye shi shafi sittin gaba. Kin san Happiness tana wurin. Ni na ce ki neme ta, kin rungume ta da hannunki.

Shekara hamsin da biyar na riƙe abin nan, ban ba matata ba, ban ba limami ba, na ba ki don na ɗauka ke jinina ce kuma kina da hankali. Kin kai shi kasuwa an ba ki A. Kin ci amanata, Sadiyya, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, har albishir kika yi mini.

Daudu Hamma, shekara saba'in da uku, tsohon soja, Gwiwa. Na uku.

Ilorin, 1 ga Disamba, 2024

Kaka,

Ina gaishe ka, in za ka amsa. Nan aka turo ni bautar ƙasa, Babana ne ya ɗauki hoton takardarka ya turo mini a waya, ya ce bai karanta ba. Ina lafiya, amma ban san yadda zan faɗi halin da nake ciki ba.

Da farko na zauna na rubuta maka shafi biyu na kare kai. Na ce kai ka rubuta "don ya yi miki amfani", ni kuma na ɗauka izini ne. Na ce na gaya maka tun Janairu cewa na san abin da zan rubuta, ba ka hana ni ba. Na ce ƙa'ida ce, ba ni na kafa ta ba. Duk gaskiya ne, amma na yage su, don akwai abin da ban faɗa ba.

Ranar da zan kai aikin a buga, na tsaya a ƙofar shagon da shafin ƙarshen nan a hannuna, kuma Happiness ta faɗo mini a rai. Na san in na cire sunanka za a soke babin, in aka soke babin aikina ya zama irin na kowa. Sai na ce wa kaina ai ba mai karanta shafin ƙarshe. Makin nake so, Kaka. Albishirin da na yi maka ma, kaina nake lallashi.

Ga abin da zan iya. In an ba mu hutun Kirsimeti zan je Kano in roƙi a ba ni kundin in cire shafin. Sannan zan rubuta wa Baba Toma takarda in ce ni na ƙirƙiri labarin don in ci jarrabawa, kai abinci da takalmi kawai ka ba ni labari. Zai yarda, don zai fi son ya yarda. Ko digirin za a karɓe, a karɓe. Ka ce mini to kawai.

Ka yafe mini don girman Allah.

Sadiyya

Gwiwa, 15 ga Disamba, 2024

Sadiyya,

Salamu alaikum. Takardarki ta iso. Ina lafiya, an gama sussuka, ki gaida mutanen da kike zaune da su.

Kada ki taɓa shafin, kuma kada ki rubuta wa Toma komai. Ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu na yi ina juya shawarar nan taki, kuma na so ta ƙwarai. Sai na ga kaina riƙe da rigarsa karo na biyu, wannan karon da hannun jikata. Maganar yafiya kuwa, ban iya ba tukuna. Da zan ce miki na yafe da na yi ƙarya, ni kuwa na ƙoshi da ita.

Ranar Alhamis da safe na ɗauki mai babur zuwa Kazaure. Na tarar da Toma a kan benci a ƙofar shagonsa da ke jikin gidansa, ya rame. Ya amsa sallamata, ya matsa mini na zauna. Ya sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi, alhali ina da kofina a gidan nan tun kafin a haifi Dorkas. Ya juyo ta wajen kunnena na dama, ya ce, "An karanta mini a takarda. Ina so in ji a bakinka."

Na faɗa masa, daga gonar rogo har taɓon hannuna. Bai katse ni ba. Da na gama ya dubi titi, ya ce, "Takardar ta ce yana kira. Wa yake kira?"

Wannan ko ke ban gaya miki ba. Na ce, "Kai yake kira. Tun hantsi har la'asar, sunanka kawai."

Ya rufe fuskarsa da hularsa. Mutane suna wucewa suna gaishe mu, ni nake amsawa. Da ya sauke hular ya ce, "Gudu kowa ya yi, Daudu, ni ma na yi nawa a wani wurin. Da ka zo ka ce mini ka gudu, da na mare ka na tafi na ɗauko shi, da yanzu mun manta. Amma ka tsaya tsakanina da shi, mil guda. Sannan ka ci tuwo a gidana shekara hamsin, ka gaya wa takarda kafin ka gaya mini."

Na ce haka ne. 

Ya ce bayan Kirsimeti zai tafi ƙauyensu da 'ya'yansa, zai sa fasto ya tara dangi a yi wa Ishaya addu'ar jana'iza kusa da kabarin uwarsu, tunda yanzu ya san ba a taɓa rufe shi ba. Na ce masa don Allah ya bar ni in bi su, ko a bayan mota ne, ko daga nesa in tsaya. Ya dafa benci ya miƙe, ya dube ni, ya ɗaga murya don kada in ce ban ji ba.

Ya ce, "A'a, Daudu. Kai ai ka binne shi tun tuni."

Ya shiga gida ya ja ƙofa. Na zauna a kan bencin har mai babur ya gaji da jira, ya zo ya taɓa mini kafaɗa.

Daudu